Sa Hannun da Likita Ya Hana Ni

Shekarar da korona ta shigo, ina ajin ƙarshe a karatun duba lafiyar ido. Aka rufe makaranta, darasi ya koma ta waya, ga shi a gidanmu na Dagumawa sai na fita bakin gona kafin na samu sabis. Ido kuwa ba a koyonsa ta waya. Da aka sassauta kulle, sai na samu gurbin koyon aiki a asibitin ido na wani likita a Sabon Gari.

Aikinmu na kusa da kusa ne. In za ka leƙa idon mutum da fitila, a fuskarka numfashinsa yake sauka. Likitan ya san haka sarai, shi ya sa ya shige ofis ya turo ƙofa, ya bar ni da marasa lafiya da ƙyallen rufe hanci ɗaya da nake wankewa kullum. Kwalin takunkumi kuwa yana kulle a durowarsa.

"Ranka ya daɗe, a taimaka mini ko da guda ɗaya," na ce masa.

"Ke da jininki ke da ƙarfi? Je ki, mutane na jira."

A mako na shida zazzaɓi ya kayar da ni, hancina ya daina jin ko ƙamshin daddawa. Ni na tashi, amma Inna, mahaifiyata da ta yi jinyata, ta ɗauki tari. Kwananta tara Allah ya karɓi abarsa.

Bayan arba'in na kai masa littafin aikina ya sa hannu. Ko gaisuwa bai yi mini ba. Ya ce na yi fashin wata biyu, ya turo mini littafin da bayan biro. Haka na maimaita shekara guda.

Na san ajali na Allah ne, amma wulaƙancin nan na mutum ne, kuma na riƙe shi. Da na gama na kama aiki, na dinga bin ɗaliban da suka ratsa ta hannunsa ɗaya bayan ɗaya, har muka zama mu biyar. Ranar da makarantarmu ta turo malamai su duba wuraren da ake kai ɗalibai, muka isa asibitinsa tun kafin a buɗe ƙofa. Na miƙe a gabansa na zayyana wa malaman komai. Shi kuwa sai goge tabarau yake yi.

Daga zangon nan ba a sake tura masa ɗalibi ba. Yanzu da kansa yake duba kowane ido.

Bara muka haɗu a kasuwar Juma'a. Ya rage murya ya ce, "Hajiya, abin da ya wuce ai ya wuce. Ki yafe mini."

Na dube shi sosai, na ce, "Da saura, Likita." Na juya na ci gaba da taya albasata.