Yaron da Baba Ya Bayar

Akwai wata ƙara da murfin akwatin kwano yake yi in an ɗaga shi, kamar kukan jinjirin akuya. Kwanan baya na ji ta a gidan maƙwabcina a unguwar Takur, sai shayin da nake sha ya fita daga raina, domin da irin wannan akwati Yaya yake dawowa hutu daga makarantar Nasara.

Ƙauyenmu yana bayan duwatsun Dutse, inda dabino ya fi mutane yawa. Ni da Yaya tsiranmu 'yan watanni ne, kwanonmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, in an tashi duka ma tsumagiyarmu ɗaya. Baba mutum ne mai sanyi, amma abu ɗaya yake ɗaga masa rai: a ce wane ya fi wane a cikin 'ya'yansa. Ko tsawo muka tsaya gwadawa a jikin rumbu, in ya gani sai ya kore mu. Yaya kuwa ɗan fari ne, don haka Baba ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi. Ni ne ɗan lele, ni nake riƙe masa buta.

Wata shekara bayan girbi dagaci ya aiko cewa Nasara suna son yara, gidanmu zai ba da ɗaya. Kada ka auna wannan da idon yau. A lokacin, wanda aka kai boko kusan makokinsa ake yi, ana cewa ya bar salla ya bar gida ke nan. Baba ya ba da Yaya. Inna ta yi kwanaki tuwonta ba gishiri. Ni dai, ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji da ba ni ba ne.

Da ya wuce zuwa makarantar Kano aka fara koya musu Turanci, sai ya dawo da shi cike da baki. Mukan zauna a gindin dabino da hantsi, yana koya mini. Uba fada ne, in ji shi, uwa kuma moda. Na yi dariya har da birgima, na ce ashe Nasara da uwarsu suke ɗiban ruwa a randa. Ɗan'uwa burada, 'yar'uwa sista. Ya ce kuma su ba sa barin abu ya zauna haka nan sai sun jera shi: mai kyau gud, wanda ya fi shi beta, wanda ya fi duka bes. Na ce wannan yare dai kada Baba ya ji shi.

Ranar da abin ya ɓaci, Baba ne ya dawo daga kasuwa da sabuwar hula ya ɗora mini a ka, ya wuce Yaya kamar bai gan shi ba. Tasa tsarabar ta hannun Inna za ta biyo, haka ake yi kullum. Ni da rawar kai na je ina juya masa hular, ina cewa yau ni ne beta.

Bai yi dariya ba. Ya ce akwai kalmomi biyu da bai koya mini ba tukuna. Wan uba ko ƙanen uba, su ba sa ce masa uba, ankul suke cewa. Ɗansa kuma ba burada ba ne, kozin ne.

"Kai kozin ɗina ne," ya ce. "Baba ankul ɗinka ne. Amma ni aka bayar, aka ajiye ka."

Idonsa ya cika da hawaye, ya tashi ya bar ni da hula a hannu.

Na sami Inna tana sussuka. Da na tambaye ta, sai ta faɗa mini. Mahaifina ƙanen Baba ne, ya rasu ina ciki. Da aka yaye ni mahaifiyata ta yi aure can wajen Haɗeja, aka bar ni a hannunsu. Ta ce ɗan aiken dagaci ma ni ya nuna, domin kowane gida haka aka yi, maraya ko ɗan riƙo ake turawa. Ba ta ce komai a kan nata ɗan ba, ta ci gaba da sussukarta, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Da la'asar na kai wa Baba buta, na durƙusa nesa da inda na saba. Ya lura. Inna ta riga ta gaya masa.

"Matso," ya ce. "Da na ba da kai, me zan ce wa ƙanena ranar gobe? Amana ba a kyauta da ita. Wancan kuwa nawa ne, shi kaɗai nake da ikon bayarwa."

Tun kafin magariba na kai wa Yaya maganar da gudu, ina ganin na ɗauko masa magani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, shi ya kamata ya faɗa mini."

Baba bai taɓa faɗa ba. Kunya ta hana shi, har ya koma ga Allah. Yaya ya zama babban ma'aikaci a Kano, bokon da ake tsoro ya yi masa rana, amma gida sai dai ya zo ya gaishe mu ya koma, kamar baƙo. Ni na noma gonar, ni na yi jinyar Inna, a hannuna Baba ya cika. Ban roƙa ba, ban ƙwata ba, amma har yau ji nake na zauna wa wani a wurinsa.

Yanzu gari ya canja. Iyaye suna kiran ɗan fari da sunansa, suna rungumarsa a gaban mutane, da safe kuma rububin kai yara boko ake yi a keke napep. Tsofaffi irina suna ta ƙorafi wai kunya ta ƙare. Ni in an fara wannan hira shiru nake yi. Na san gidan da kunya ta cika fal, na kuma san yaron da ya tsufa ya mutu yana jiran magana ɗaya daga bakin ubansa.