Ciwon Sugan da Na Ɓoye wa Abokan Ciyayyata

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambaya ko lafiya, gaskiya ba lafiya ba, amma yanzu da sauƙi.

Ni manomi ne a Maska, masara da waken suya nake nomawa. Shekara biyu da suka wuce na fara jin ƙishirwar da ba ta ƙarewa, ga yawan fitsari, ga kasala. A wani asibiti a Funtua aka huda mini yatsa aka auna jini. Likita ya ce ciwon suga ne. Ya rubuta magani, ya ce in rage tuwo da shinkafa, in bar kayan zaƙi, in yawaita ganye da wake, in sauke tumbin nan.

Na ce to. Irin "to" ɗin da ake ce wa likita don a samu a fita.

Ban da matata Rabi, ban gaya wa kowa ba. Ba na son a riƙa kallona kamar wanda ya gama yawo.

A layinmu muna ciyayya. Magidanta shida ne, bayan magariba kowa ya fito da kwanonsa ƙofar gidan Malam Sule, dattijonmu. Ɗaya bayan ɗaya ake buɗe kwanukan, kuma kowanne sai ka sa hannu. Ka tsallake na wani, gobe matarsa ta ji, jibi a ce kana ƙyamar abincin gidansu. Haka muka taras iyayenmu suna yi.

Sai Rabi ta yi mini faten wake da zogale da rana, ta auna mini 'yar malmala ɗaya da yamma, ni kuma in fita in ci tuwon gida biyar in kora da kunun zaƙi.

"Alhaji, ka faɗa masu mana," in ji ta. "Ciwo ai ba sata ba ne."

Na ce mata mace ba ta san zaman maza ba. Har yau idan na tuna maganar nan kunya nake ji.

Da kakar bara na taka kututturen kara a gona, ban ji komai ba. Sai da na zo alwalar la'asar na ga jini a takalmi. Na wanke da ruwan gishiri, na ɗaure da tsumma, na koma aikina. Kwana goma, babban yatsa da na kusa da shi suka yi baƙi, suna wari.

Daga Funtua aka tura mu Zariya. Likita ya riƙa tsikarar tafin ƙafata yana cewa, "Kana ji?" Ba na ji.

Ya ce, "Biyun nan za mu cire su. Idan suga bai sauka ba ciwon ya hau sama, sai dai mu yanke daga ƙasan gwiwa."

Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Mutumin da ke gadon kusa da nawa an yanke tasa, kullum idona yana kan wurin da zanen ya kwanta babu komai a ƙasansa. Manomi da ƙafa ɗaya, wa zai bi mini kunya-kunya da damina?

Aka cire yatsun. Kullum safe wankin ciwo, in cije haƙori. Allurar suga, auna jini sau huɗu a rana. Masarar da na ɓoye sai ta yi tsada, rabinta ta tafi a magani.

A sati na biyu Malam Sule ya zo dubiya, da kular tuwon shinkafa da lemon kwalba. Rabi ta karɓa ta yi godiya, sannan ta gaya masa komai a gabana. Na harare ta, ko a jikinta.

Malam Sule ya juyo ya dube ni. Can ya ce, "Shekara biyu muna turo maka kwano muna cewa ci, Alhaji, ci. Ashe cutar da kai muke yi. Me muka yi maka da ka bar mu muka ɗauki wannan alhaki?"

Ya share ido da hannun riga. Wankin ciwo bai taɓa sa ni kuka ba, amma ranar na yi.

Daga nan na daina gardama. Abin da aka auna mini, shi nake ci. A sati na shida likita ya buɗe ƙafar ya ce nama ya fara cikowa. "Ƙafarka ta tsira, amma ba a gama ba. Yanzu aikin na bakinka ne."

Na dawo gida. Ina fita ciyayya da ɗan kwanona na ganye da wake, Malam Sule da kansa ya sanar cewa kada wanda ya matsa mini. Babu matar da ta yi fushi. Tumbi ya sauka, suga ya daidaita. Amma tafin ƙafata har yanzu kamar ba nawa ba, likita ya ce wataƙila jin ba zai dawo ba. Ina ɗingishi, kuma duk ƙaiƙayin da na ji a ɗaya ƙafar sai gabana ya faɗi.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da duk wanda ya yi mini addu'a. Rabi, ki yafe mini.

Mai jin ƙishirwa da yawan fitsari, ka je a auna ka. Mai ciwon suga, ka sha magani, ka ci abin da likita ya ce daidai yadda ya ce, ka duba tafin ƙafarka kullum, kada ka shiga gona da silifa. Kuma ka gaya wa waɗanda kuke cin abinci tare. Ni na ji nauyin maganar da ba ta fi minti ɗaya ba, ga shi yau yatsun ƙafa takwas nake wankewa a alwala.