Duron Yaya Tajuddeen

Yaya Tajuddeen ɗan baffana ne. Kimiyya yake koyarwa a wata sakandare a Haɗejia kafin gwamnati ta turo shi Malesiya digiri na uku. Ni kuwa wata kwaleji a unguwar Setapak da ke Kuala Lumpur ta gaji da ni, na gaji da ita, na tare a falonsa.

Karatun nasa sai an toshe hanci. Lakar masai ake haɗawa da ragowar abinci, a rufe a duro ba iska. Wasu ƙwayoyin halitta su ci su yi gyatsa, gyatsar ita ce gas ɗin girki. Shekarunsa na nan duk a kiwonsu suka tafi.

Da korona ta rufe jami'a, sai ya kinkimo wani shuɗin duro ya girke mana a baranda. In ƙwayoyin suka mutu digiri ya mutu, ga wa'adin tallafinsa saura ƙiris.

Daga ranar na zama bare. Ƙanzon da nake kankara ya koma na duro. Da azumi, matan 'yan Arewa na benenmu suka riƙa ajiye kwanuka a ƙofa. In buɗe da rawar jiki, in ga ɓawon dankali.

"Na Dakta ne," in ji Anti Ruƙayya ta hawa na biyar, a waya. "Ya jikin duron?"

"Anti, ni ma fa ina da jiki."

"Kai me kake fitarwa, sarkin barci?"

"Gas, Anti. Ba a dai gwada kunnawa ba."

Alheri ya yi yawa, duro ya ƙware. Ciki ya yi tsami, gas ya ɗauke ɗif. Hodar kashe tsamin tana kulle a jami'a. Yaya ya zauna gefen duro yana shafa shi, ko kunun buɗa-baki bai kalla ba. Can ya miƙe ya ce kanwa za ta yi.

Kanwa a Kuala Lumpur, ba jirgi! Anti Ruƙayya kaɗai ke da saura, kuma ni da ƙwannafi ya taɓa turnuƙe ni ko gutsure ba ta ba ni ba. Duro kuwa har da ledar ta aiko masa.

Ana gobe salla ya murɗa bututu ya ce in kyasta. Shuɗiyar wuta ta tashi. Ya yi sujada, ya ɗauki hotonta ya tura wa malaminsa, ya kira Anti, ya kira Haɗejia. Ina tsaye ashana na cin yatsana, ba wanda ya ce sannu.