Ruwan da Ya Kwashe Takin Iya

A daminar shekarar da aka sami 'yancin kai, wata safiya na fito bayan gidanmu na Enugu na tarar da kakata Iya tsaye a bakin 'yar gonarta, ta riƙe haɓa. Takin da muka yi ta jida a kwando daga turken shanun Baba, mai kai wa mahautan kasuwar Ogbete dabbobi, babu ko ɓurɓushinsa. Ruwa ya wanke shi tas, ya gangara da shi gonar maƙwabciyarmu Mama Nkechi.

Iya ta baza shi ne a saman ƙasa yadda ake yi a garinmu Bichi, ta manta a kan gangare muke, ruwan Kudu kuma ba ya wasa. Ga shi ta riga ta faɗa, in yakuwarta ba ta yi ba bana, jirgin ƙasa za ta hau ta koma gida, don ta gaji da miyar da ba tsami. Ni da nake kwana a bayanta, hankalina ya tashi ƙwarai.

Ba a jima ba ugun Mama Nkechi, wani ganyen miya na Inyamurai, ya yi kore shar. Iya in ta leƙa sai ta ce, "Shanun ɗana ne a tukunyarta." Da na fassara wa Mama Nkechi, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗauko fartanya. Ta nuna mana a tona rami, a zuba kashin shanu da tokar murhu da ɓawon doya, a tara ƙasa a kai, a lulluɓe da ganyen ayaba. Iya tana ta mita wai ana binne arziki kamar gawa, amma ta bari. Kafin ruwa ya ɗauke ƙasar ta yi baƙi, tana cike da tana. Yakuwa ta yi har muna kyauta, ragowar muka watsa wa shanu, su kuma suka mayar mana da ita taki. Iya ba ta sake zancen jirgi ba, na samu barcina ya dawo.

Yanzu an shafe filin da siminti. Ƙazantar mayanka kwata ake tura ta, ta bi rafi tana wari, shara a cinna mata wuta, mai lambu kuma ya je ya sayi takin buhu. Jikokina ba su taɓa ganin abin da aka zubar ya dawo cikin tukunya ba, wannan kuwa yana damuna.