Sunan Kulu a Kan Ɗanyar Ƙasa

Ranar wata Litinin ce a ƙarshen daminar 1991, 'yan makonni bayan an raba mu da Sakkwato an ce mun zama 'yan jihar Kebbi, aka sallamo ƙanwata Kulu daga makaranta. Har yanzu ina ganin hasken safiyar. An yi yayyafi da asuba, gero ya sunkuyar da kai a gonakin bayan makarantarmu ta Kimba, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta tagogin da ba su da marfi. Ina aji biyar ina kwafar darasi aka ce Hedimasta na nemana. Na tarar da Kulu tsaye a gindin dogon yaro da ke gaban ofishinsa, ta rungume ɗan allonta, tana kallon jerin tururuwa tana murmushi. Shekararta tara, shekara uku ke nan tana aji ɗaya, waɗanda suka shiga tare da ita duk sun wuce sun bar ta. Hedimasta bai yi tsawa ba. Cewa ya yi in kai ta gida, in gaya wa Baba yara sun yi yawa, wuri ya yi kaɗan. Kulu ta ɗauka hutu aka ba ta ita kaɗai, don haka tsalle ta yi ta yi a hanya tana tsinkar furen tafasa, ni kuma ina biye da ita.

Kulu ta yi zazzaɓi mai tsanani tana 'yar shekara biyu, har da sanƙarewa, kuma tun daga nan komai nata ya koma a hankali. Magana ta zo mata a makare. Idan aka aike ta abu biyu, ɗaya take kawowa. Amma hannunta ba ya kuskure. A carafke babu yarinyar da ke cin ta a unguwarmu, idan ta tsince tsakuwa a shinkafa ba a sake dubawa, awakinmu kuwa ita kaɗai suke bari ta taɓa 'ya'yansu. Tabarma ɗaya muke kwana, kuma ba ta barci sai ta riƙe gefen zanena.

Washegari Baba ya tafi ya roƙi Hedimasta, ya dawo da sharaɗi: a kai ta bayan ƙaramar salla, idan ta rubuta sunanta da ɗaya zuwa goma a kan baƙin allo, za a mayar da ita aji. A makon ne Gwaggo Tumba, yayar Baba, ta zo daga Maiyama. Ta zauna a bakin murhu tana ɓarar gyaɗa ta ce, "Ku ba ni ita in tai da ita. Boko ba na kowa na ba. Ta koyi daka da tuya a wurina, ya fi wagga wahala." Inna ta ci gaba da juya tuwo, har ya kusa kamawa. Daga ƙarshe Baba ya yanke magana: a gwada koya mata a gida har salla, in ta kasa, ta bi Gwaggo. Baba karatun allo ya yi, Inna ba ta taɓa riƙe alli ba. Sai duk idanu suka dawo kaina, ni Nana mai zuwa ta ɗaya a aji. Ina da shekara goma sha ɗaya aka ɗora min malanta, aka kuma ɗora min zaman ƙanwata a gidanmu.

Makarantarmu ta gida a ƙarƙashin rumfar da ke jikin rumbu take. Baba ya ciro wani faifan katako daga tsohuwar ƙofa, muka fasa matattun batura muka shafe shi da baƙin garin da ke cikinsu har ya yi sulɓi. Kullum bayan la'asar, in na gama surfe da ɗiban ruwa, sai in shimfiɗa buhu in zaunar da Kulu. Kaji na kai da komo, Inna na tankaɗe a gefe tana satar kallonmu, daga bayan katanga kuma muryoyin ƙawayena na tashi suna gaɗa. Haruffa huɗu ne kacal a sunanta, biyu ma iri ɗaya ne. Na ɗauka aikin mako guda ne. Sai in rubuta na farko, in kama hannunta mu bi shi sau ashirin, ta yi shi karkatacce, in yi ihun murna. Gari na wayewa ya tafi, kamar an zuba ruwa a rariya. Ta kalli allon ta kalle ni da idanun nan nata masu haske, ta ce, "Yaya, wanga mi ne?" Abin da muka yini a kai jiya. Ƙarar alli a kan katako ma ba ta son ji, sai ta saki allin ta toshe kunnuwa.

Babu abin da ba a gwada ba. Baba ya yi mata rubutu ta sha da zuma kwana arba'in. Inna ta hana ta cin ƙanzo don an ce yana toshe kai. Har Aliero aka kai ta, bisa shawarar Gwaggo, wai tunda mutanen can suna ɗora ƙashin da asibiti ya sallama, ba za su rasa dabarar kai ba. Na bi su. Tsohon mai ɗorin ya lalluba kanta da yatsu tun daga goshi har ƙeya, Kulu na ƙyalƙyala dariya don tana jin cakulkuli, sannan ya ce wa Baba, "Nan ba karaya, Malam. Mai da ɗiyarka gida." Muka dawo a bayan motar albasa, Kulu tana lasar alewa.

Ni ce na fi kowa gajiya. Na daina zuwa gaɗa, na daina zama a bakin rijiya ina kallon gajimare ina ƙirƙira musu suna, abin da na fi so a duniya. Akwai yammacin da na rubuta harafin farko sau talatin ta kasa, na fizgi karan dawa na tsula mata a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta duba wurin, ta kwance bakin zanenta ta ciro gyaɗa uku ta miƙo min, wai ko yunwa ce ta sa ni fushi. Na shiga bayan rumbu na yi kukan da ya kamata ita ta yi.

Da sanyi ya shigo aka fara dashen albasa, gidan duka ya koma fadama. Baba na jan ruwa da jigo, ruwan na bin 'yar hanya yana cika fangali ɗaya bayan ɗaya, wato ƙananan filayen da ake yanka wa albasa, mu kuma muna biye da damin iri muna dasawa. Yatsa ake soka wa a laka, a saka iri, a danne. Nan Kulu ta fi kowa. Layinta miƙe yake kamar an ja igiya, tazarar ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, har maƙwabtan gona suna tsayawa kallo. Wata rana da hantsi muna hutawa a bakin fangalin da ba a dasa ba, don takaici kawai na sa yatsa na zana harafin nan da ya hana ni sakat a kan lakar. Kulu ta matso. Ta sa yatsanta a cikin ramin da nawa ya bari, ta bi shi a hankali har ƙarshe, ta dawo ta sake bi. Washegari muna isowa ta durƙusa a wani sabon wuri ta zana shi ita kaɗai, daidai, babu wanda ya tuna mata.

Kafin albasa ta fara kai, Kulu ta iya sunanta duka. Lambobi kuma sai ta soka rami uku ta zana uku a gefensu, ta soka bakwai ta zana bakwai. Abin da ya shiga ta yatsanta ba ya fita. Laka tana riƙe hannu, tana da sanyi, tana nuna wa yatsa hanya. Katako kuwa santsi ne kawai da ƙara. Na ja Baba da gudu ya zo ya gani. Ya tsaya da laka har gwiwa, na karanta masa, ya share ido da bayan hannu ya yi hamdala. Sai kuma ya ce, "To amma Hedimasta allo yac ce, Nana. Ba fangali zai kawo miki ba."

A nan na yi kuskuren da har yau nake juyawa a raina. Na ga salla na matsowa, na ga allo ne jarrabawa, sai na hana ta taɓa ƙasa. Duk watan azumi, ana cire albasa ana jera ta a rudu, wato gadon kara, don kada ta ruɓe, zafi kamar zai narkar da mutum, ni ina ƙarƙashin rumfa da bushasshen baki ina tura mata alli a hannu. Idan ta saci jiki ta je gindin randa inda ƙasa ke da damshi, sai in daka mata tsawa in goge da ƙafa. Na ɗauka idan na rufe mata wannan ƙofar dole ta bi ta ɗayar. Ba ta bi ba. Ta dai rage dariya.

Ranar gwaji muka sa kayan sallarmu, atamfa iri ɗaya, Inna ta shafa mata kwalli. An fito da baƙin allo an jingina shi a barandar ofis. Malamai biyu na zaune, 'yan ajinmu sun leƙo ta taga. Hedimasta ya miƙa wa Kulu alli da fara'a. Ta ja layi ɗaya, allin ya yi ƙara ya karye. Ta tsaya. Sai na ga idonta ya sauka a kan randar malamai da ke gefen baranda, inda ruwa ya ɗiga ya jiƙa ƙasa faɗin faifai. Ta saki guntun allin, ta taka zuwa wurin, ta fara durƙusawa, yatsanta a miƙe. Na san abin da za ta yi. Na san za ta iya. Kalma kaɗan ce ta rage min in ce, Malam, a bar ta ta rubuta a ƙasa. Amma na ji wata 'yar dariya daga taga, na tuna ni ce mai zuwa ta ɗaya, na hango ƙanwata tsugune cikin laka da kayan salla a gaban kowa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Tashi, kar ki ɓata kayanki." Ta tashi, don ba ta taɓa ƙin maganata ba. Baba kuwa bai saba jayayya da malaman boko ba. Hedimasta ya jira iya jira, sannan ya ba Baba haƙuri, Baba ya yi godiya, muka juyo.

Ranar Juma'a bayan an tashi kasuwar Jega Gwaggo ta tafi da ita. Inna ta ɗaure mata kaya a ɗankwali ta shige ɗaki ba ta fito ba. Kulu ta leƙo daga bayan akori-kura tana ɗaga min hannu, ta ɗauka kwana biyu za ta yi. Na daɗe ina farkawa in ji gefen zanena sakayau.

Sai da shekara ta zagayo aka bar ni na je Maiyama. Gwaggo ba ta cuce ta ba. Na tarar Kulu ta yi ƙiba, ta iya tuyar masa. Amma ina ajiye kaya Gwaggo ta ja ni ɗakinta tana mita. An yi mata sabon daɓe, ta bar shi ya sha iska, kafin ta dawo daga maƙwabta an lalata shi. "Dubi ɓarnar da ƙanwarki tay yi min," in ji ta, "awa kaji sun bi." Na durƙusa. Tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gado, a jere kamar dashen albasa, sunan Kulu ne ya bushe a cikin daɓen, sau da yawa har na kasa ƙirgawa. A kusurwa kuma ga ramuka, ga lambobinsu, ɗaya zuwa goma, babu wadda ta ɓace. Shekara guda babu malami. Kulu na tsaye a bakin ƙofa tana murza yatsu, ta ce, "Yaya, in goge?" Na girgiza kai.

Shekara shida ta yi a can kafin ta dawo Kimba, lokacin ta wuce shiga aji ɗaya. Yau ni malama ce, kuma a kwaleji na tarar da abin da Kulu ta gano a fadama rubuce a cikin littafi, da dogon suna da hotuna. Na rufe littafin na fita waje. A ajina akwai faranti cike da jiƙaƙƙen yashi a kan taga, kuma duk shekara sai an sami yaro ɗaya ko biyu da hannunsu ke zuwa gare shi da kansa. Kulu kuwa ita ake layin ɗauka idan dashe ya zo. Jigo ya ɓace, injin ban ruwa ke ruri a fadama, an shafe tsakar gidanmu da siminti, Gwaggo ma ta rufe daɓenta da shi tun kafin ta rasu. Wani lokaci idan aka yi ruwa da asuba nakan ga Kulu ta tsaya a ƙofar gida tana kallon ƙasar waje, sai ta waiwayo ta dube ni tukuna. Har yau izinina take jira.