Yatsan Maƙeri a Kan Faifan Garmaho

Ko da zan manta sunana, ba zan manta wata Jumma'a a Faskari ba, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Ina ƙira a lokacin, kuma ina ji da kaina.

Akwai wani dattijo Kirista, malamin asibiti, wanda ya taɓa ceto 'yata daga sarar maciji. Ciwo ya kwantar da shi, kowa ya san ba tashi zai yi ba. Matarsa ta zo maƙera da garmaho a ka, ta ce sifirin ɗinsa, ƙarfen da ke juya faifai, ya tsinke. Ranar ce suke tunawa da gicciye Annabi Isa a imaninsu, kuma maigidan ba abin da yake roƙo sai waƙar wannan rana, wadda wani Bajamushe ya tsara tun zamanin kakanni.

Na ce, "Inna, kamin azahar kin ji shi yana waƙa."

Sau uku ina haɗa ƙarfen nan a wuta, sau uku yana karyewa. Maƙwabcina mai faci ya leƙo yana dariya. "Malam, mi ya haɗa ka da waƙar coci? Wanga ba fartanya ba ce."

Raina ya ɓaci. Na saɓi garmahon, na nufi gidan.

Na tarar da dattijon numfashi sama-sama. Na ɗora faifai da allura, na kafa yatsa ina juyawa. Da fari muryoyin suka fito kamar na 'yan awaki. Ya girgiza kai ya ce, "A hankali, ɗana." Sai na tuna yadda nake zuga wuta, ba gaggawa ba tsayawa, na bi wannan.

Nan take ɗakin ya cika da waƙa. Muryoyin maza da mata masu yawa, waɗannan su ɗauka waɗancan su karɓa, kamar masu lugude, amma da wani irin baƙin ciki. Ban san kalma ɗaya ba, imanina kuma ba nasu ba ne, amma tausayi ya kama ni. Leɓunan dattijon suna bin waƙar, hawaye na gangara cikin kunnensa.

Faifai tara na juya. Yatsana ya sale, kafaɗata ta mutu, matar ta ce in huta, na ƙi. Sallar la'asar kaɗai ta tashe ni, na dawo na ƙarasa.

Dattijon ya cika washegari da hantsi.

Sifirin nan har yau ban iya gyara shi ba. Amma tun ranar na gane, idan gwaninta ta ƙare wa mutum, hannunsa bai ƙare ba, kuma mai ramuwar alheri ba ya tsayawa tambayar yaren waƙa.