Wanda ke kai maganata gindin tsamiya

Shekara ashirin ke nan da rasuwar mijina, Malam Bawa majemi, amma ranar da na fi tunawa da shi ba ranar rasuwarsa ba ce. Wata rana ce a gindin tsamiyar unguwarmu. Akwai Liman Sambo, da Mai Unguwa, da Dodo baduku, da Ɗan Ige mai daɗin baki, da shi Bawa, da sauran masu gida. Ni ina bayan zana da matan unguwa, muna saurare. Duk sun riga mu gidan gaskiya, ban da Ɗan Ige.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama Sakkwato ba. Anka aiko cewa warin jima ya yi yawa, za a fitar da majema bayan ganuwa. A al'adarmu, in magana irin wagga ta taso, kowane mai gida zai zauna ya faɗi tasa, ba a tashi sai na ƙarshe ya yi shiru. Wannan karon anka ce Bature ba ya sauraren taro, a zaɓi mutum ɗaya ya tafi da yawun kowa.

Bawa ya ce, "Bakina shina nan lafiya lau. Don mi zan ba da aronshi?"

Dodo ya ce, "Malam, in kai munka tura, sai Bature ya tsufa ba ka gama sallama ba." Anka kwashe da dariya, anka tura Ɗan Ige.

Ya dawo ya riga ya amsa da to. Ban ce ya ci amana ba. Mutum ɗaya ne a gaban Bature da tafinta da dogarai, ba kowa a bayansa. Haka Bawa ya riƙa saɓa fatu yana fita bayan gari har ƙafafunsa sunka gaza.

Ba zan yi wa tsamiyar ado ba. Na ga an kwana biyu ana magana a gindinta an tashi ba a yanke komi ba, na ga mai ƙarfin murya ya danne mai gaskiya. Kuma mu mata ba mu taɓa zama a kan tabarmar taron ba. Abin da maza sunka ji zafinsa a ranan, na a ce wani ya yi magana a madadinka, ni a cikinsa na girma.

Sai dai nawa wakilin, Bawa, daban ne. Kafin ya fita zuwa gindin tsamiya sai ya tsaya bakin madafa ya ce, "Hajo, mi kika gani?" In na faɗa, ya maimaita mini don in ji bai rage ba. A can kuma ya ce, "Hajo ta ce kaza," ko da bai yarda da ni ba. Maza na yi masa ba'a, bai fasa ba. In ya dawo ya kawo mini amsa, mai daɗi ko marar daɗi.

Yanzu ina jin har Kaduna za a riƙa tura mutum da yawun lardi duka. Da Bawa na nan, na san abin da zai tambaya: wa ya tsaya bakin madafar wa kafin ya hau mota? Gari ya yi girma, ba tsamiyar da za ta ɗauke mu duka, na yarda. Amma tun da anka binne shi ba wanda ya tambaye ni abin da na gani.

Kwanan baya anka ce hanyar mota za ta ci zauren gidana, kuma Ɗan Ige, da furfurarsa, shi zai je wurin hakimi a kan maganar. Ya aiko mini cewa in kwantar da hankalina, ya san abin da zan ce.

Washegari na ɗauki sandata, na zauna ƙofar gidansa har ya fito. Na faɗa masa tawa, na ce, "Maimaita in ji." Ya rage rabi. Na ce, "Sake."